Na dawo gida da Naira miliyan 3: in sayi inji ko in jira bashin gwamnati?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan wani ƙauye ne a ƙaramar hukumar Sandamu. Na daɗe ina tuƙa babur mai ƙafa uku a Legas, na tara Naira miliyan 3, yanzu na ƙudura zama gida. Innata da matan gidanmu sun daɗe suna yin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da hannu. Ina so in sayi injin niƙa da na matsar mai in kafa a ƙofar gida. Abokaina sun ce in dakata in nemi bashin gwamnati in haɗa, don in fara da ƙarfi. Abin da ke ba ni tsoro, duk wanda na sani ya buɗe sana'a a garinmu ba ya kai shekara biyu sai ya rufe. Me ke kashe su, kuma ni ta ina zan faro?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Barka da dawowa, Allah ya sanya albarka a abin da ka samo.

A taƙaice, bana kada ka sayi inji, kuma kada ka zauna jiran bashin kowa. Ka sayi gyaɗa da kaka, ka nemo masu sayen mai a wajen garinku, ka yi shekara guda kana kai aiki injin haya. In lissafi ya fita, baɗi sai a yi maganar inji. Na san ba abin da kake son ji ba ke nan. Wanda ya dawo daga Kudu yana so a ga abin da ya zo da shi, inji kuma yana da ƙara, buhun gyaɗa a ɗaki ba mai jin motsinsa. Amma na yi aiki da ƙungiyoyin manoma da na mata a ƙasar Daura da Katsina, kuma rumfunan injin da na gani an garƙame da kwaɗo, yawancinsu ba ƙarancin jari ya rufe su ba.

Fara da duba yadda kuɗi ke shiga garinku da yadda yake fita. Daga Oktoba zuwa Janairu kowa yana da abin taɓawa: an girbe gero, an roro wake, an cire gyaɗa, an yanke riɗi, ana ta bukukuwa. Daga nan samari su tafi ci-rani, gari ya koma na tsofaffi da mata da yara. Da bazara ta kawo jiki, ɗan abin da ya rage ya tafi wajen taki da iri da 'yan ƙwadago. A marka kuwa, wajen Agusta, magidanta da yawa awo suke yi, hatsin da suka sayar da araha da kaka shi suke sayowa da tsada. Abin ya daɗe. Wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa a 1967, abin da ta tarar ke nan: talakan manomi yakan sayar da hatsinsa tun da wuri saboda matsi, rumbu ya ƙare kafin sabon amfani, ya koma ƙwadago a gonar wani daidai lokacin da tasa ke neman noma.

To, mai sabon shago da kaka yake buɗewa, don lokacin yake da kuɗi. Ya ga ciniki na wata uku ko huɗu, ya ɗauka haka shekarar take, ya ƙaro kaya. Da rani ya yi nisa sai ciniki ya koma "rubuta mini zuwa ranar kasuwa". Mai cewa a rubuta ɗin kuma kawunka ne, ko surukinka, ko wanda ya yi maka huɗuba ranar suna. Kafin ruwa ya zauna, rabin jari yana hannun mutane, sauran an cinye shi a cefane da gudummawar biki da asibiti, don aljihun gida da na shago ɗaya ne. Sai ka ji ana cewa baki ne ya kama shi. Ba na musun baki, amma in ka buɗe littafin shagon, in ma akwai littafin, za ka ga inda kowace Naira ta bi.

Injin niƙa sana'a ce mai kyau, tana rage wa mata wahala, sai dai ka ƙirga nawa ne a garinku. In akwai biyu, naka na uku ba zai ƙara wa kowa cin tuwo ba. Gidajen su ne dai, tiyoyin da ake niƙawa kullum su ne, sai dai ku raba uku, ku shiga karya wa juna farashi alhali gas bai sauko ba. Shago, niƙa, cajin waya, POS, duk kuɗin da yake cikin gari suke juyawa, girmansu ba ya wuce aljihun mutanen garin. Man gyaɗa daban yake, daga waje yake jawo kuɗi. Mai tuyar ƙosai a Daura, da mai tsire da ke sayen garin ƙuli a Katsina, da malamar asibiti da ke ɗaukar albashi kowane wata, ba ruwansu da ko an yi kaka a Sandamu ko ba a yi ba. Kuma kuɗin da ya shigo ta wannan hanya yana zagaya gari kafin ya fita: manomin gyaɗa ya samu, masu ɓara su samu, mai itace, mai markaɗe, ɗan acaɓan da zai kai jarka tasha, har mai kiwon da zai sayi harawa. Saboda haka a cikin tunaninka biyu, na Inna shi ne mai gaba.

Sai dai akwai abin da mai sayar da inji ba zai gaya maka ba. Je ka zauna kusa da Inna ranar da take aiki ka zuba ido. Za a soya gyaɗa sama-sama, a murje, a sheƙe ɓawon, a kai markaɗe. A dawo da kullun a zuba a turmi ko babbar tukunya, ana tuƙawa ana yayyafa ruwan zafi kaɗan-kaɗan, har ya dunƙule, mai ya taso ana kwashewa. Abin da ya rage shi ne tunkuza, ita ake mulmulawa a soya cikin man nan ta zama ƙuli-ƙuli. Masu sana'ar kan ce mai uwar kuɗi yake mayarwa, riba tana cikin ƙuli. Shi kuwa babban injin matsa, wanda ake zuba gyaɗa ta sama mai ya fito ta ƙasa, tatse ta yake yi ƙarƙaf. Abin da yake fitarwa busasshe ne mai tauri, ba ya mulmuluwa, sai dai a sayar wa masu haɗa abincin kaji da dabbobi. In ka sayi irin wannan, ka fitar da Inna da matan gidanku daga sana'arsu da hannunka, ka kuma shiga gasa da kamfanonin Kano masu sayen gyaɗa tirela-tirela. Irin wannan injin sai yana aiki kusan kullum yake biyan kansa, kai kuwa kuɗinka ba za su ciyar da shi gyaɗar wata biyu ba bayan ka biya kuɗinsa. Abin da ya dace da gidanku, in lokaci ya yi, shi ne gangar suya mai juyawa, injin markaɗe, da injin tuƙa kullu wanda ke fitar da mai ya bar tunkuzar da za a iya yin ƙuli da ita. Su ne ke ɗauke wa mata aikin da ke karya kafaɗa ba tare da sun ƙwace musu sana'ar ba.

Kafin ka kashe ko sisi, yi gwaji da buhu ɗaya na tsabar gyaɗa. Auna tiya nawa ne a ciki da idonka, kada ka yarda da "arba'in ne cif" na dillali. Rubuta kuɗin buhun, la'ada, dako, itace, markaɗe, gishiri da kayan yaji, jarka, leda, kuɗin mota zuwa Daura da dawowa. Rubuta ladan matan da suka yi aikin, ko da Inna ta ce ba ta so, don sana'ar da ribarta ke fitowa daga aikin da ba a biya ba, ranar da za ka ɗauki ma'aikata za ka gane ba riba ba ce. Sannan ka auna lita nawa ta fito, ƙuli na nawa ya fito. Gyaɗa kusan rabin nauyinta mai ne, amma hannu ba ya fitar da shi duka, kuma irin gyaɗa ya bambanta. Gwada irin da aka saba da shi a garinku, ka gwada SAMNUT 24 na cibiyar binciken noma ta Samaru, wanda yake nuna da wuri kuma yana da mai. Lissafin buhun nan ɗaya ya fi duk wata shawara da zan ba ka.

Masu saye kuma tun yanzu za ka neme su, kafin a soya tiya ɗaya. Ɗauki ƙananan kwalabe ka zagaya masu abinci da masu ƙosai da masu tsire a Daura, ka shiga Mai'aduwa ranar Lahadi, ka tuntuɓi abokanka 'yan Arewa da ka baro a Legas. A farashi ba za ka iya kayar da man da ke zuwa cikin manyan jarkoki daga kamfani ba, kada ma ka gwada. Abin da kake sayarwa shi ne ƙamshin man ƙuli da amanar cewa ba a gauraya shi da komai ba. Ranar da ka sirka shi da man waken suya don ka ƙara lita biyu, uwar gida za ta ji a hanci tun kafin albasa ta soyu, kuma ba za ta zo ta yi maka faɗa ba, za ta daina aiko yaro ne kawai. Mutum goma da ke karɓar jarka duk mako su biya nan take sun fi maka rumfa a kasuwa.

Da ni ne, ga yadda zan raba kuɗin. Kimanin miliyan 1 da rabi a gyaɗa, a saya tsakanin Oktoba da Disamba lokacin da ta fi sauƙi. Wajen dubu 300 a ƙananan kaya: kasko, tukwane, sikeli, jarkoki sababbi, buhuna, katakon ɗora kaya. Dubu 500 na juyawa. Sauran dubu 700 su zauna a banki kamar babu su. Su ne za su tsame ka ranar da mai saye ya riƙe maka kuɗi ko rashin lafiya ta shigo gida, ba tare da ka sayar da gyaɗa a wulaƙance ba.

A ajiya ake yin asarar da ba a gani. Sayi gyaɗar da ta bushe sosai, wadda in ka girgiza kwanso za ka ji ta tana kaɗawa, in ka gatsa ta karye ƙas. Ta fi jure ajiya a cikin kwansonta, sai a riƙa ɓarewa gwargwadon aikin mako. A ɗora buhuna kan katako, nesa da bango, a ɗakin da ba ya yoyo. Wadda aka ɓare za ka iya sa ta a buhun nan mai leda biyu a ciki, PICS, wanda ke hana iska shiga, ƙwari su mutu ba tare da an sa magani ba. Kada ka yarda a yayyafa maganin ƙwari a abin da mutane za su ci. Kuma a zauna a tsince duk ƙwayar da ta yamutse, ta yi baƙi ko ta yi fumfuna, a zubar, ba a bai wa kaji ba. Fumfunar gyaɗa tana haifar da wata guba, aflatoksin, mai lalata hanta, suya ba ta kashe ta, kuma yawancinta a tunkuza take zama, wato a ƙulin da yara ke gurgura.

Wani zai ce maka tunda ka sayi gyaɗa da araha, me zai hana ka bar ta kawai ta yi tsada ka sayar? Ka tambayi waɗanda suka kimshe masara a kakar 2024. Gwamnatin tarayya ta buɗe ƙofar shigo da wasu kayan abinci ba haraji a waccan shekarar, farashi ya karye a 2025, mutane da yawa suka sayar ƙasa da yadda suka saya. Mai sarrafawa yana da mafita biyu, mai da ƙuli, mai jiran farashi ba shi da ko ɗaya. Ban da abin da malamai ke faɗa kan ɓoye abinci lokacin da mutane ke cikin matsi.

Yanzu ga abin da ya kashe waɗancan da kake tsoron bin sahunsu. Sayi littafin 'yan makaranta, ka raba kowane shafi uku: abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da ake binka ko kake bi. Kowane dare ka cika shi, ko da ajami ne. Buɗe asusu daban na sana'a. Yanka wa kanka albashi na wata, daga ciki za ka yi cefane da zumunci, in ya ƙare ya ƙare. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ba zan ce maka kada ka bayar ba, a ƙauye wannan ba mai yiwuwa ba ne. Amma ka sa masa iyaka, a ce kada jimillar abin da ke waje ta wuce kashi ɗaya cikin goma na jarinka, kuma wanda bai biya na baya ba ba a ƙara masa. In dattijo ya zo wanda ba za ka iya hana shi ba, ɗebi kwalba guda ka ba shi kyauta daga albashinka, ya fi ka ba shi jarka bashi ku ɓata shekara kuna kauce wa juna a masallaci. Wanda ya ji haushin an rubuta sunansa, tuna masa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka.

Haka tsakaninka da Inna da sauran matan. Sana'arsu ce tun kafin ka tafi Legas, su suka san wutar da ke ƙona gyaɗa da ruwan da ke ɓata kullu. A zauna gaban wani babba a gidan a yanke: ko lada a kan kowace tiya, ko kaso daga riba, a faɗa a fili a rubuta. Rigimar da ke rusa irin wannan haɗaka ba ta wuce "ai na ɗauka tare muke". Kuma tunda za ka riƙa kai kaya jarka-jarka, babu dalilin a ɗora wa yara mata talla lokacin makaranta.

Maganar bashin gwamnati kuwa, abokanka suna tuna zamanin da ya wuce ne. An ƙaddamar da shirin bai wa manoma bashi na Anchor Borrowers a Kebbi a Nuwamban 2015, kuɗi masu yawa suka fita, mutane da dama suka ɗauke su a matsayin rabonsu, ba a biya ba. Zuwa ƙarshen 2023 Babban Bankin Najeriya ya daina ba da sababbin basussuka na irin waɗannan shirye-shirye. Ba wai ƙofofi sun rufe duka ba. Akwai Bankin Masana'antu, akwai Bankin Manoma, akwai hukumar ƙananan sana'o'i ta tarayya, SMEDAN, wadda Gwamna Dikko Radda ya shugabanta kafin ya hau mulki a 2023, jiha ma tana da tata hukumar ta ƙananan sana'o'i, KASEDA. Amma duk inda ka je abu ɗaya za a tambaye ka: ina shaidar sana'ar tana tafiya? Rajistar sunan sana'a a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, lambar BVN da NIN, da takardar banki da ke nuna shige da ficen watanni. Wanda ya yi shekara yana aiki da littafi a hannu yana gaban wanda ya zo da labari. Saboda haka ko bashin kake so, farawar ita ce hanyarsa. Duk wanda ya ce ka ba shi kuɗin fom ko na "sa suna", rabu da shi. In matan suka kai yawan da ake bukata, su yi rajistar ƙungiyar gama-kai a jiha, don shirye-shirye da yawa da ƙungiya suke mu'amala ba da mutum ɗaya ba.

In kuɗin ruwa ne damuwarka, bankunan da ba sa mu'amala da ruwa irin su Jaiz da TAJ suna da tsarin murabaha: su sayi injin, su sayar maka da ribar da aka sani tun farko, ka biya kashi-kashi. A gida kuma akwai ƙiradi, wanda malamanmu na Malikiyya suka sani sarai: wani ya kawo kuɗi, kai ka yi aiki, a raba riba bisa kason da aka yarda, in an yi asara ba da sakacinka ba ta hau kan mai kuɗi, kai kuma wahalarka ta tafi. Wannan ya fi dacewa da sayen gyaɗar kaka fiye da bashin da za a fara binka tun kafin ka sayar da lita ɗaya. Lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ba ta gaggawa ba ce a shekarar farko, amma ranar da ka so zuba mai a kwalba mai tambari ka kai manyan kantuna, dole ce, kuma za a duba tsaftar wurin aiki. Gara tun yanzu a ware ɗaki guda mai daɓen siminti, ba awaki ba kaji.

Kuna kusa da iyaka, kuma in Naira ta faɗi a kan sefa mutanen Nijar suna jin daɗin sayayya a wajenmu. Ka sayar musu, amma kada ka jingina duk kasuwarka a kan iyakar Kongolam. An rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, an sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021 zai ratsa Daura, alheri ne in ya kammala, amma ba a sayen inji da lissafin jirgin da bai fara tafiya ba.

In shekara ta zagayo, buɗe littafinka ka duba abu uku. Shin masu saye suna neman fiye da abin da hannun matan ke iya fitarwa? Shin abin da ka biya na markaɗe da kuɗin mota a shekarar ya kai wani kaso mai kauri na kuɗin inji? Shin bayan ka sayi injin za ka iya sayen gyaɗar kaka kamar yadda ka saya bana? In ɗaya ta ce a'a, ƙara shekara. In duka sun ce e, sai ka lissafa abin da zai juya injin. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 ƙananan injuna masu shan fetur sun daina zama masu araha, gas kuwa ya riga shi tashi, wutar ƙauye kuma ka fi ni sanin halinta. Sola tana da tsada a farko amma ba ta neman ko lita daga baya, sai dai ka sa wanda ya san aikin ya auna maka ƙarfin da injin ke ja lokacin tashi, kada a haɗa maka faranti huɗu a ce ya isa. Sayi irin injin da bakaniken Daura ya saba kwancewa, wanda ake samun bel da farantin niƙansa a Kano a yini ɗaya. Kuma ranar sayen, tafi da tiya biyar ta soyayyar gyaɗarku da ɗaya daga cikin matan da suka san aikin, a kunna shi a gabanku, ta taɓa tunkuzar da hannunta ta ce za ta yi ƙuli, sannan ka ƙirga kuɗi.